Ranar da Lavelle Ya Yi Gudu da Motar Gawa

Ɗan goggona Lavelle Tubbs ya fi kowa sanyin jiki a duk faɗin Alabama, kuma ba don abokin wasana ne nake faɗa ba. Ranar da aka haife shi sai da ungozoma ta je gida ta ci abinci ta dawo kafin ya ga damar yin kuka. Muna yara in aka aike shi sayen madara, kafin ya iso gida ta yi tsami. Shi ya sa da ya samu aikin tuƙa motar gawa a gidan jana'izar Madam Odessa Crenshaw, dangi kaf suka ce an dace: fasinjojinsa ba sa sauri, shi ma ba ya yi.

Amma a faɗi gaskiya, ya iya aikinsa. Baƙar kwat, farar safar hannu, mota tana sheƙi har kana iya aske gemu a jikin ƙofarta. Ba ya wucewa da mamaci sai ya bi da shi ta ƙofar gidansa, ya rage tafiyar da dama ba ta da abin ragewa, don mutum ya yi sallama da barandarsa. Rabin mutanen da suka rene mu shi ya kai su makwancinsu. Bai taɓa wani aiki ba, kuma da furfurar nan tasa ban ga mai ba shi wani ba.

Maƙabartarmu tana gangaren bayan coci. Wata Laraba ana binne wani dattijon cocin, mata na biye suna waƙa a hankali, Lavelle ya ɗora ƙafa a birki. Sai motar ta ce ƙiiiiii, kamar alade ya maƙale a ƙofar shinge. Karnukan garuruwa uku suka amsa. Matar mamacin ta tsai da kukanta ta waiwayo.

Madam Odessa 'yar ƙaramar mace ce, malafarta ta fi ta faɗi, kuma ba ta taɓa ɗaga murya. Da aka watse ta kira shi gefe.

"Mista Tubbs, watan jiya aka sa wa motar nan sabon birki. Dwight da kansa ya sayo." Dwight mijin 'yarta ne, ya daɗe yana kallon makullin motar kamar mage da kifi. "To in birki sabo ne, ko ƙafa ce ta tsufa? Ran Asabar za mu binne Iya Beulah, duk garin nan zai fito. In na ji kukan nan kuma, ka miƙa wa Dwight makulli."

Washegari ya zo gidana a motar, ya faka a ƙofata, maƙwabta suka fara kawo wa matata gaisuwa.

"Roscoe," ya ce da ni, "na ƙare."

"Haba ɗan goggo, tun yaushe ka fara da har za ka ƙare?"

Bai yi dariya ba. Nan na san abin ya kai, na ja shi wurin Kawu Hosea, bakaniken da kowa a garin ke kira Kawu, mai gyara a ƙarƙashin bishiya bayan gidansa.

Kawu bai ko tashi daga kujera ba. "Fito take yi ko gurnani?"

"Fito, Kawu."

"To ƙarfe bai fara cin ƙarfe ba, ka gode wa Allah. In ka taka take yi, ko in ka saki?"

"In na taka."

"Da ƙarfi ko a hankali?"

Na ce, "Kawu, Lavelle kake tambaya fa. Ko sauro a hankali yake kashewa."

Aka ɗaga motar, aka cire taya. Kawu ya zaro takalmin birkin, ɗan abin nan da ke matse farantin taya in an taka. Kaurinsa na nan bai ci ba, amma fuskarsa ta yi sulɓi tana ƙyalli kamar madubi. Kawu ya juya shi a rana.

"Wa ya sayo wannan? Na motar ɗaukar katako ne. Mai ƙarfe a ciki, yana son zafi, yana son a taka shi kamar ana fushi da shi. Kai kuma ka yi ta shafa shi kamar kan jariri har ya goge ya zama gilashi. Dole ya yi fito."

"To ƙafata ce ke nan," in ji Lavelle, muryarsa ƙasa-ƙasa.

"Ƙafarka lafiyarta ƙalau, an dai sayo mata takalmin wani. Je ku kawo min na tangaran. Ba ya kuka, ba ya baƙanta taya da ƙura. In da tirela kake ja a kan dutse ba zan ba ka shi ba, amma kai mutum ɗaya kake ɗauka, kuma ba ya motsi."

Muka sayo. Kawu ya goge farantan, ya shafa mai a bayan takalman, ya ɗaura. Lavelle ya fara godiya, Kawu ya ɗaga masa hannu.

"Saura gashi. Sabon birki sai an gasa shi ya kama faranti, in ba haka ba ran Asabar ya tona maka asiri. Ka kai gudun mil hamsin a awa, ka taka birki da ƙarfi, kada ka tsaya cak, ka sake taka totur. Ka yi ta yi har mu ji ƙauri."

Lavelle ya dubi Kawu kamar an ce ya yi rawa a coci. "Kawu, motar nan ba ta san akwai hamsin ba."

"Yau za ku sani, kai da ita."

Kawu ya kama kujerar gaba, ni kuwa ba wuri sai baya, inda ake sa akwatin gawa. Na kwanta abina na harɗe hannu a ƙirji. Muka hau hanyar gonakin auduga.

Ka san mutanenmu: in motar gawa ta taho, ko babu kowa a bayanta, kowa zai gangara gefe ya cire hula. To haka suka yi ta yi. Su gangara, su cire hula, su sunkuyar da kai, sai su ga abu ya wuce fiu kamar an harbo shi. Can gaba ya dafe hanci a ƙasa, ya sake zabura. Kawu na ihu, "Taka! Taka mana, ba uwarka ba ce!" Lavelle na salati irin nasa, yana kiran annabawan da ko fasto bai san da su ba. Ni kuwa ƙasan wurin akwatin nan 'yan tayoyi gare shi. In ya taka birki in tafi gaba da kai, in ya taka totur in dawo da ƙafa. Na yi tafiyar da ta fi ta motar nisa.

Tsoho Purvis na kan tarakta a bakin hanya. Muka wuce ya cire hula. Muka juyo ya sake cirewa. Da muka sake juyowa ya riƙe ta a hannu ya yi kururuwa:

"Lavelle! Wane ne wannan? Sama ce ta ƙi shi ko ƙasa?"

Wajen gidan Loretta mai ɗinki na ɗaga labule don in sha iska. Tana shanya, kwandon wanki a hannunta. Muka haɗa ido. To mutum ya ga 'yar cocinsu ya ƙi gaisawa? Na ɗaga mata hannu. Ta ƙwalla ihu ta yi jifa da shi, har yau ba a samu kwandon nan ba.

Aka ji ƙauri, Kawu ya ce ya isa, a tafi a hankali ya huce. Wannan ɓangaren Lavelle bai buƙaci koyarwa ba.

Ran Asabar coci ya cika har waje. Na tsaya a bakin gangaren maƙabarta, Dwight ma yana nan da hannu a aljihu. Motar ta taho, mata na biye da waƙar da Iya Beulah ta koya musu. Ta gilashi na hango gumi na ɗiga daga haɓar Lavelle. Jar fitilar baya ta kama.

Ba abin da aka ji sai tsakuwa a ƙarƙashin taya da muryoyin mata. Motar ta tsaya daidai bakin kabari kamar an ajiye ƙwai.

Bayan an rufe, ana cin abinci a zauren coci, Madam Odessa ta taho teburinmu. Lavelle ya miƙe, makullin na tafin hannunsa.

"Mista Tubbs, an ce min ran Alhamis wani mamaci ya ɗaga wa Loretta hannu daga cikin motata, kuma motar tana tashi sama."

Lavelle ya miƙo mata tafin hannunsa. Ta dubi makullin, ta dube shi.

"Mai da shi aljihu kada ya faɗi. Talata muna da aiki, ka zo da wuri." Sannan ta juyo da malafar nan kaina. "Kai kuma Roscoe, nan gaba in za ka shiga bayan motata, ka bari sai ni na shirya ka."

Ta wuce. Lavelle ya zauna daɓas, ya cire safar hannunsa. Sai dariya ta kama shi, ya toshe baki da safar don gidan makoki ne, kafaɗunsa na girgiza har wata tsohuwa ta zo ta dafa shi tana cewa ya yi haƙuri, Iya Beulah ta huta.