Babur Ɗin Mai Buɗe Ruwa

Gonarmu ce ta ƙarshe a layinmu, can tsakanin Kura da Bunkure, inda kanal ke tsukewa har ya koma kamar lambatun bayan gida. Ni da yayana muka gaje ta, tare muke nomanta. Duk ranar da aka saki ruwa sai na gaba sun sha sun ƙoshi, sun wanke ƙafa, wani ma ya yi wa jakinsa wanka, sannan ɗan abin da ya rage ya gangaro mana yana jan ciki. A ranin da nake ba da labari, cikin shekarun tamanin, tumatir muka dasa, kuma tun bai yi fure ba ya fara sunkuyar da kai.

Babban abin da ke cutar mu wani babur ne. Ma'aikacin da ke buɗe ƙofar ruwa shi ke hawansa, salansarsa a fashe, tun yana Kura kana jin sa. Ba a bukatar sanarwa. Da an ji ƙarar nan mai cin tuwo zai tsame hannu, wanda ake yi wa aski ya tashi da rabin kai, kowa ya saɓi bututun zuƙo ruwa ya ruga gona. Kafin ruwan ya iso wurinmu an tatse shi tas.

Wata rana mai buɗe ruwan ya zo kauce wa shanu, shi da babur suka zarce cikin kanal. Shi ya fito lafiya, babur kuwa ya lanƙwashe. Aka ba shi sabo, tsohon aka jefa shi cikin tarkacen da za a yi gwanjo. A daidai lokacin kuma aka rufe layinmu ana yashe ƙasa, ruwa ya ɗauke gaba ɗaya.

Cikin wannan hali Yaya ya ce shi babur ɗin nan zai saya, don kai kwandunan tumatir bakin titi. Na ce, "Yaya, wane tumatir? Wannan da ke neman a yi masa salla?" Bai kula ni ba. Ya sayar da alkamarmu ta bara, ya raba kuɗin biyu: na saye a aljihun dama, na gyara a na hagu. Raina ya ɓaci ƙwarai, amma na bi shi, don in ga ƙarshen abin da idona.

Mai gwanjon daga birni ya zo, da babbar riga da ƙararrawa irin ta firamare. Ya tsaya kan babur ɗin yana yabonsa kamar mai neman masa aure, alhali ciyawar kanal na nan maƙale a tayarsa. Mai sayen tsohon ƙarfe ne kaɗai ya taya tare da mu, shi ma ya ɗaga babur ɗin ya ji nauyinsa ya janye. Aka kaɗa ƙararrawa, aka sallama wa Yaya, ko aljihun dama bai ƙare ba. Ya dube ni yana murmushi, ya ce, "Kai yaro ne, ba ka san ciniki ba." A lokacin ina da 'ya'ya biyu.

Sai aka nuna mana wani tebur a gindin darbejiya. Akawun mai gwanjo ya karɓi kuɗin babur, ya sake miƙo hannu.

"La'ada, Malam."

Yaya ya biya, don ko a kasuwar Bunkure dillali na cin la'ada. Hannun bai koma ba.

"Kuɗin ƙararrawa."

Yaya ya ce, "Ƙararrawar da aka kaɗa wa kowa?"

"Kai aka kaɗa wa ta ƙarshe, ranka ya daɗe."

Aka yi kuɗin rasit, aka yi kuɗin hatimin da za a buga wa rasit. Aljihun dama ya mutu, aka shiga na hagu. Da akawun ya ce saura kuɗin kwana, wato na kwanakin da babur ya yi a kwance a harabar da ake gwanjon, na kasa haƙuri. Na ce, "Malam, lokacin da yake kwanan ai ba namu ba ne. Ko gado kuka shimfiɗa masa?" Ya ce in ba mu so mu bar shi, amma abin da aka biya ya biyu, gobe kuma kwana zai ƙaru. Yaya ya taka mini ƙafa, ya zazzage aljihun hagu. A bakin ƙofa mai gadi ya ce a ba shi na goro, muka ba shi goron kansa, guda ɗaya da ya rage wa Yaya.

Turo shi muka yi har gida. Makanike ya miƙe ƙarfen, ya tsiyaye ruwan da ke injin, aka biya shi da zakara da kwandon albasa. Salansa kuwa ya ce sai sabuwa, kuma ba a sayen ta da zakara.

Ranar da Yaya ya fara taka shi ya tashi, garin nan kaf ya fashe. Mutane sun matsu da ruwa, sai ga ƙarar da suka sani. Na ga dattijo mai ciwon gwiwa yana tsallake kunya-kunya da bututu a kafaɗa. Suka isa kanal suka tarar da busasshiyar laka, ga Yaya can yana koyon juya kan babur. Zagin da muka sha ranar ya ishi zuriya guda. Washegari ma suka fito, jibi kaɗan suka fito. Kafin mako ya zagayo, in an ji ƙarar sai a yi tsaki a ce, "Mahaukacin ƙarshen layi ne," a gyara zama.

Ran nan da hantsi ina gona ina duban tumatir ɗin da na riga na cire rai da shi, sai na jiyo Yaya tafe a guje. Ashe ya hangi mai buɗe ruwa a kan sabon babur ɗinsa mai tafiya shiru, yana murɗa ƙofa. Yaya ya ratsa tsakiyar gari da iyakar ƙararsa, ba wanda ya ɗaga kai. Daga baya ya rantse cewa yana tafe yana ihun an saki ruwa, babur ne ya danne muryarsa. Ni ban ji ba, kuma ban tambaye shi sau biyu ba.

Ruwan ya zo mana a cike, har yana taɓa bakin kanal. Tunda aka haife ni ban taɓa ganin sa haka a gonarmu ba. Muka jera bututu, muka shiga laka har gwiwa, Yaya na dariya, ni kuwa hawaye ne suka zubo mini, ban ɓoye ba. Sai da kowace kunya ta sha ta ƙoshi kafin na gaba su farga. Tumatir ya miƙe, kuma babur ɗin nan ne ya kai shi bakin titi.

Maƙwabta suka haɗa kuɗi suka sayo sabuwar salansa don ƙarar nan ta daina ruɗa su, mai unguwa da kansa ya kawo. Yaya ya karɓa da hannu biyu, ya yi godiya, ya ce zai ɗaura ta ranar da aka yarda a fara ba ƙarshen layi ruwa, ko sau ɗaya a wata. Aka ce za a duba.

Da Yaya ya rasu, aka zo rabon gado, sai ga salansar nan a ƙarƙashin gadonsa, a naɗe cikin takardar da aka kawo ta a ciki. Na roƙi 'ya'yansa suka bar mini. Tana ɗakina, ana nan ana dubawa.