Gansakukar Kududdufin Bayan Gida

Wata Asabar a bazarar shekarar da na shiga aji huɗu, na tsaya cikin kududdufin bayan gidanmu a Gazara, ruwa iya gwiwa, ina yaɗe gansakuka da tsohon matankaɗi. Ta yi kauri kamar miyar kuka, ga ƙarni. Aikina ke nan duk sati, kuma ina alfahari da shi, don babu yarinyar da ta kai ni cika ƙwarya. Sai in kai lambun Inna in zuba a gindin alayyafo, domin ita ta ce babu takin da ya fi shi. Gaskiyarta kuwa, ganyenmu har maƙwabta ke roƙa.

A ɗaya gefen ruwan akwai wani maƙeri mai fasa tsofaffin baturan mota yana cire dalma. A cikin ruwan yake wanke kayan aikinsa, mu kuma mu tsinci fasassun robobin mu yi wasan 'yar tsana da su. Ƙanena Sani, ɗan shekara uku, kullum yana biye da ni zuwa lambu, yana damƙar ƙasa yana kaiwa baki, ni kuwa ina dariya.

Da damina ta faɗi ya fara ciwon ciki, ya daina wasa, daga baya sai jijjiga. Aka ce iska ce, aka yi turare da rubutu. Kafin a yanke gero mun rasa shi. Kakarmu kaɗai ta riƙa cewa, "Ruwa ba ya tsami banza," ba wanda ya kula ta.

Bara 'yata da ke karatun kimiyya a jami'a ta zo hutu, tana ba ni labarin bincikenta cike da murna. Wai irin wannan gansakuka tana zuƙe dalma da sauran ƙarafa masu guba daga ruwa, har masana na nomanta don tsabtace gurɓatattun tafkuna.

Na tambaye ta, in ta gama zuƙewa fa?

"A kwashe ta a killace, Mama. Ai gubar duk tana jikinta."

Ba a taɓa auna jinin Sani ba, don haka ba ni da tabbas, kuma ba zan samu ba. An cike kududdufin yanzu, an yi shaguna a wurin. Amma har yau in na tuna, sai in ji nauyin ƙwaryar nan a kaina, ga shi ni ce na fi kowa cika ta.