Sunan da Inna Ba Ta Faɗa

A gidanmu a Daura har yau ba a gama gane aikina ba. In aka tambayi baffana abin da nake yi a jami'a a Kano, sai ya ce, "Masu taɓin hankali take dubawa." Na gaji da gyara masa. Ilimin halayyar ɗan'adam na karanta, kuma tun da na fara bincike tambaya ɗaya nake bi: me ya sa mutum biyu za su gamu da masifa iri ɗaya, ɗaya ya ci gaba da rayuwa da ciwonsa, ɗayan ya tsaya cak? Na zauna da masu sikila, da ɗaliban da cikinsu ke ɗurar ruwa ranar jarrabawa, da direbobin da suka kasa komawa kan hanya bayan hatsari. Abin da na yi ta gani shi ne gudun ciwon ya fi ciwon cin mutum. Wanda ya rantse ba zai ji baƙin ciki ba, sai ya shiga kauce wa duk abin da zai tuna masa, yau ya bar wannan, gobe ya bar wancan, har duniyarsa ta ƙanƙance. Muna koya wa mutum ya bar abin ya zauna inda yake, ya lura da shi, ya faɗe shi da bakinsa, sannan ya tashi ya yi abin da ya dame shi a rayuwa da abin a jikinsa.

Na rubuta wannan, na koyar da shi, na je taro na faɗe shi ana tafa mini. Sai Yaya ya rasu.

Yaya shi ne ɗan farin Inna, mahaifiyarmu. Fataucin awaki da wake yake yi tsakanin Daura da Kongolam. Zazzaɓi ne ya kwantar da shi, kafin a ce me aka yi ya cika. Ya bar matarsa da ƙaramin ciki, iyayenta suka ɗauke ta zuwa Mashi ta yi takaba a can.

Tun tasowata ban taɓa jin sunan Yaya a bakin Inna ba. Kunyar ɗan fari take yi irin ta mutanen da. "Ku kai wa wancan tuwonsa," haka take cewa. In ya shigo gaishe ta sai ta kau da kai ta amsa wa bango. Amma duk mun san a kwanon wa tsoka mai kyau take sauka, kuma mun sha tsokanarta a kai, ta bi mu da muciya.

A zaman makoki ko ɗigon hawaye ba ta yi ba. Mata na shigowa suna cewa, "Kai, wannan baiwar Allah akwai haƙuri." Ni kuwa haushi ya cika ni, don ina ganin yadda take matse gefen tabarma da hannu. Na koma Kano.

Abin ya fara a hankali. Sunan Yaya irin sunan nan ne da kowane gida ke da shi, ba ka wuce lungu biyu a cikin gari ba ka ji an ƙwala shi ba. Inna ta daina kunna rediyo saboda shirin gaishe-gaishe. Ta daina zuwa biki. Ta daina zuwa suna, ita da hannunta ya wanke rabin jariran unguwarmu, wadda in aka haihu ita ake fara aikawa a kira. Daga baya ko zaure ba ta leƙawa. Ta ce wani abu ya tokare mata ƙirji. Aka kai ta asibiti, aka yi gwaje-gwaje, ba a ga komai ba. Abinci sai ta taɓa ta ture.

Ƙanwata ce ta kira ni. Ta ce matar Yaya ta kusa sauka, baffa kuma ya riga ya ce in namiji ne sunan ubansa za a mayar masa. Inna ta ce ita ba za ta Mashi ba, ƙafarta na ciwo.

"Ƙafarta lafiya lau," in ji ƙanwata. "Wallahi in ba ta je wannan ba, ba ta ƙara fita daga gidan nan sai an ɗauko ta."

Na ɗauki hutu na taho.

Da na ga yadda ta rame, tsoro ya kama ni sosai. Kuma duk dabarun da na iya a kan magana suka dogara: faɗi abin da kake ji, faɗi wanda ka rasa. Na gwada ta gefe. Na ce, "Inna, jiya na yi mafarkin Yaya." Ta miƙe ta ce bari ta duba ko an ba kaji ruwa. Kajin da ƙanwata ta shayar a gabanta.

Na yi kwanaki ina juya abin. A ma'aunin da muke amfani da shi a wurin aiki, uwar da ba ta ambaton ɗanta da ya mutu gudu take yi, shi ke nan. Amma Inna ta shekara arba'in da wani abu ba ta ambace shi ba, tana cin abincinta, tana dariyarta, tana yawon barka. Shirun nan hanyar sonta ce, ba shi ne ciwon ba. Sabon abu shi ne yadda take tserewa in wani ya ambace shi. Na yanke shawara ba zan nemi ta faɗi komai a kansa ba.

Da la'asar nakan shimfiɗa tabarma a ƙarƙashin rumfa, in zubo gyaɗa mu yi ta ɓara. Matar maƙwabcinmu tana da ɗa mai suna irin na Yaya, ga shi da ƙiriniya, kullum sai ta ƙwala masa kira ta kan katanga. Ranar farko da ta kira, hannun Inna ya tsaya, ta yunƙura za ta tashi.

Na ce, "Inna, ɗan zauna. Abin nan na ƙirjinki, ya taso?"

Ta ce, "Ya taso."

"A ina yake?"

Ta ɗora hannu ƙasan wuyanta.

"Zafi ne ko nauyi?"

"Nauyi. Kamar an ɗora mini dutsen niƙa."

"To kada ki ture shi. Bar shi nan. Ja numfashi, ki ci gaba da ɓarar."

Ta harare ni. "Karatun da aka yi shekara da shekaru ana yi ke nan? Bar shi nan?"

Na ce shi ke nan, ba ƙari. Ta yi tsaki, amma ba ta tashi ba. Ta ɗauki gyaɗa ɗaya ta fasa.

Ba kullum muke dacewa ba. Wata rana ta zauna har kiran ya wuce, wata rana ta shige ɗaki ta turo ƙofa, in zauna ni kaɗai da gyaɗa ina jin kamar in fasa ihu. Wani yammaci ta tambaye ni yaushe abin zai tafi. Na gaya mata gaskiya, na ce ban sani ba, wataƙila ba zai tafi ba. Ta ce, "To amfanin me kike yi mini?" Na ce, "So nake ki iya tafiya da shi, Inna. Akwai wanda ke jiran wanka a Mashi." Ba ta ƙara yi mini magana ba har washegari.

Aka haihu, namiji. Sauran mata suka je barka, Inna ta zauna. Ban matsa mata ba, ko da yake zuciyata ta karaya. Ana gobe suna, ina shanya, na ji ta ce wa ƙanwata, "Ke, ina kika ajiye mini sabulun salon nan?"

Muka shiga mota da ita zuwa Mashi. Hannunta na kan ƙirjinta.

Da sassafe ranar suna, uwar mai jego ta miƙo mata jaririn, ta ce, "Ga shi, naki ne, ke za ki wanke." Inna ta zauna kan kujera 'yar tsuguno, ta miƙe ƙafafu, ta kwantar da shi a kan ƙwaurinta, ta taɓa ruwan da bayan hannu. Ni ce mai zuba mata. Tana cikin cuɗa masa baya, maza suka shafa fatiha a ƙofar gida. Wata mata ta shigo tsakar gida ta faɗi sunan da ƙarfi, sauran suka karɓa, wannan ta faɗa, waccan ta faɗa, ana sa albarka.

Hannun Inna ya tsaya a bayan yaron. Na ga hawaye sun zubo mata, suna sauka ta haɓarta suna ɗiga cikin baho. Ba ta share ba, ba ta kuma miƙa wa kowa yaron ba. Ni ma kuka nake yi, da moɗa a hannuna.

Ta ɗago ta dube ni, ta ce a hankali, "Yana nan fa. Bai tafi ba."

Na ce, "Na sani, Inna."

"To zuba ruwan, kada yaron ya ji sanyi."