Ɗakin Mutum Ɗaya a Koira Kano

Shekara takwas ina jan wani littafi a kan majeman Damagaram, tsakanin shiga aji da gyaran takardun ɗalibai, sai wata cibiyar bincike a Yamai ta gayyace ni in zauna wata uku in gama shi. Ranar da na isa, matar da ke kula da baƙin cibiyar, wadda kowa ke kira Madam, ta ajiye mini takarda shafi huɗu. Za su ba ni biro, wato ofis, da makulli, da ɗaki a gidan baƙinsu na Koira Kano. Ni kuma in halarci taron kowace Alhamis, in gabatar da aikina kafin in tafi, in riƙa kashe kilim, na'urar sanyaya ɗaki, idan zan fita. A shafi na uku an rubuta cewa ɗakin na mutum ɗaya ne, ba a kwana da baƙo, wanda ya saɓa kuwa zamansa ya ƙare. Na sa hannu ina murmushi. Wa zai biyo ni har Yamai?

Ashe ban san dangina ba. Kafin sati biyu labari ya zaga gida cewa gwamnati ta ba ni gida a babban birni. Ba gwamnati ba ce, ba kuma gida ba ne, amma wa zai tsaya sauraron gyara? Masu zuwa sayayya kasuwar Katako suka fara kira, ina kakkauce musu da dabara, har ina yaba wa kaina.

Ranar wata Talata da hantsi Kawu ya kira ni daga tasha. Yayan mahaifiyata ne, shi ya riƙe ni tun ina shekara shida bayan rasuwar mahaifina. Ciwon yana ya rufe masa ido biyu, likita ya turo shi Yamai a yi masa aiki. Bai sanar da ni zai zo ba, don wanda ya raine ka ba ya neman izinin zuwa wurinka. Na ɗauko shi na kawo ɗakin. Ya zauna bakin gado, ya shafa zanen da tafin hannu, ya ce, "Madalla, ɗana ya yi muhalli."

Na bar shi yana hutawa na ruga biron Madam. Haifaffiyar Yamai ce, Hausarta da ɗanɗanon Zabarmanci. Ta saurare ni har na gama, sannan ta jawo takardar ta buɗe shafi na uku.

"Kala suru, Malam, sai haƙuri. Kai ka sa hannu."

"Madam, wannan ba baƙo ba ne, ubana ne."

"Kowa ubansa ne, Malam. Bara wani ya kawo ƙanensa kwana biyu, muka wayi gari ana daka a baranda. Daga nan darakta ya rubuta wannan. In na buɗe maka ƙofa, da wane baki zan rufe wa na gaba?"

Raina ya ɓaci ƙwarai. Na ce mata wanda ya rubuta wannan doka ko dai ba shi da dangi, ko sun daɗe da yafe shi. Abin haushi, Alhamis ɗin da ta wuce awa biyu muka yi a zaune wani baƙo yana mana bayanin zumunci a ƙasar Hausa, har da zane a allo, muna tafa masa. Ga zumuncin nan ya zo da ƙafarsa yana zaune bakin gado, an ce ba shi da wurin kwana.

Hanya biyu ce: in tattara kayana in bi Kawu, littafin ya koma cikin akwati, ko in nema masa wani wuri. Abin da ya fi ba ni haushi har yau shi ne ban daɗe ina tunani ba. Na kira wani abokina ɗan garinmu da ke Kirkissoye, ƙetaren kogi, ya ce akwai ɗaki. Sannan na koma na durƙusa gaban Kawu ina ta kewaye-kewaye, doka kaza, takarda kaza.

Ya bar ni na gama, ya ce, "Gidan naka ne ko nasu?"

"Nasu ne, Kawu."

"To, miƙo mini sandata."

Sati uku ina ƙetare gada kullum da safe cikin cunkoso, in kai shi asibiti, in mai da shi, in dawo biro jiƙe da gumi. Alhamis ɗaya na makara, na tarar da ƴar takarda a ƙofata ana tuna mini sharaɗin halartar taro. Na yayyaga ta, na kuma je na ba da haƙuri. Aikin ido ya yi kyau, Kawu ya koma gida yana gani. Ni ma na gama littafin, na gabatar, aka tafa mini.

Da Babbar Sallah na tafi Damagaram. Kawu ya tare ni a zaure da fara'a, ya sa aka kawo ruwa, ya tambayi aiki, ya sa mini albarka. Na ɗauki jakata na nufi ɗakin da na girma a ciki, sai ya riƙo hannuna.

"A'a, dakata. Nan jikoki sun cika gida, hayaniya ba za ta bar ka ka yi rubutu ba. Na gane yadda aikinku yake. Na roƙi maƙwabci ya share maka ɗaki, kai kaɗai."

Na dubi fuskarsa ina neman gatse, ban samu ba. Da gatse ne da na ji sauƙi. Tsakani da Allah yake faɗi, har ya sa an kai mini tebur da kujera. Ya wuce gaba yana nuna mini hanya, na bi shi da jakata zuwa gidan maƙwabci.