Bututun Da Na Ɓoye Wa Baba

Lokacin da wannan abu ya faru ina saurayi ɗan shekara ashirin da shida, ina zaman rumfar yadin mahaifina a kasuwar Arzeke da ke Paraku. Ban da wani mugun hali da za a nuna, ba na sha, ba na yawo, amma Allah ya jarrabe ni da son a kalle ni. Da idon Baba ya fara rauni sai ya miƙa mini makullin motarsa, na zama direban gida. Motar tsohuwa ce, ta yi shekaru a hannunsa, kuma ya san ta kamar tafin hannunsa. Ko tari ta yi zai gaya maka abin da ke damunta. Ni kuwa kunya take ba ni, musamman idan na je unguwar Albarika wajen abokaina, masu motocin da kan yi gurnani tun daga bakin layi.

A can aka nuna mini dabarar. Kowace mota tana shaƙar iska ta wani akwati da ke sama, kusa da murfin injin. Su sai su cire akwatin, su sa dogon bututu ya gangara ƙasa, matatar iskar ta koma bayan bamba, kusa da taya. Wai a nan iska ta fi sanyi, mota ta fi ƙarfi, ƙararta ta fi daɗi. Makaniken da ya ɗaura mini ya yi mini gaskiya. Ya ce in damina ta sauka in dawo a mayar da akwatin, domin yanzu hancin motar yana ƙasa, ko ruwan da bai kai gwiwa ba zai iya shiga cikinta. Na ce to, na jefa akwatin a bayan garejinsa na manta. Da Baba ya ji muryar motar ta sauya ya tambaye ni, sai na ce salansa ce ta ɗan huje.

Wata safiyar Laraba, tsakiyar damina, aka bugo waya daga garin Jugu cewa yayan Baba ya rasu. Su biyu kaɗai suka rage a ɗakinsu, kuma marigayin ya sha faɗa a gaban mutane cewa in ya riga ƙaninsa tafiya, ƙanin ne zai yi masa salla. An ce za a jira mu har bayan azahar, ba za a wuce haka ba saboda hadari. Lokaci ya ishe mu sarai. Muka fito daga unguwarmu ta Zongo, Baba a gaba da carbinsa yana ja, har muka ci fiye da rabin hanya.

Sai muka iso wani kwari inda ruwan daren jiya ya haura kan hanya. Ba wani ruwa ba ne na tashin hankali. Masu zemijan, wato 'yan acaɓa, suna ɗaga ƙafa suna ratsawa, wata motar doya ta wuce a gabanmu. Na taka birki, domin a take maganar makanike ta dawo mini. Baba ya leƙa ya ce in shiga a hankali, motar nan ta ratsa abin da ya ninka wannan tun ina goye. Gaskiya ya faɗa, sai dai motar da ya sani ba ita ce muke ciki ba, kuma ni kaɗai na san haka. Da na buɗe baki, da mun ajiye ta a gefe mun nemi wata, ko mun sa an turo ta a kashe. Amma yaya zan ce wa mutumin da ke cikin makoki na yi masa ƙarya wata huɗu? Sai kawai na sa giya na shiga.

A tsakiyar ruwan ta yi wata shaƙuwa ta mutu. Nan na ƙara kuskure na biyu, na murɗa makulli, na sake murɗawa. A karo na uku muka ji ƙarar ƙarfe daga cikin injin, daga nan ko motsi. Daga baya aka bayyana mini cewa injin iska yake matsawa, ruwa ba ya matsuwa, don haka ƙarfen ciki ne ya lanƙwashe, kuma murɗawar da na yi ce ta ƙarasa shi. Mutane suka taimaka muka tura ta waje. Kafin mu gama, sama ta sake ɓarkewa, ruwan kwarin ya ƙaru, motoci suka daina ratsawa. Sai wajen la'asar muka samu wata motar shanu ta ɗauke mu, Baba da jiƙaƙƙiyar babbar riga.

Mun tarar an dawo daga maƙabarta. Sun jira iyakar jira, sannan limamin unguwa ya yi sallar. Baba ya nemi a kai shi kabarin, ya daɗe a tsugune, ni ina tsaye daga baya na kasa matsawa. A hanyar dawowa na faɗa masa komai. Na so ya zage ni, ko ya mare ni, da na ji sauƙi. Bai yi ba. Ya ce bututu ba komai ba ne, kowane yaro da wautarsa, abin da ya yi masa ciwo shi ne a bakin ruwan ya ga na tsaya, ya ga fuskata, kuma na bar shi yana yabon motar da na riga na sauya mata hanci.

Na rubuto ne saboda samarin da nake gani suna sa wannan bututu a garin da damina ke cika hanyoyi. In ka sa, ka cire kafin ruwa ya sauka. In mota ta mutu cikin ruwa, kada ka taɓa makulli. Fiye da duka, duk abin da ka sauya a kayan da wani ya dogara da shi, ka gaya masa tun yana da amfani. Motarmu an sa mata wani injin, tana tafiya har yau. Baba ya yafe mini tuntuni, amma duk lokacin da muka iso kwarin nan sai ya juya fuska waje, ni kuma na san wa yake tunawa.