Yamusa, Kafaɗar Da Ke Kai Mu Ganin Gida

Kafin rana ta yi zafi, Yamusa Dada ya riga ya saɓa addarsa ya kama hanyar dutse. Ya sare ciyawar da ta rufe turba, ya kankare gansakuka daga duwatsun da ake takawa a haye rafi, sannan ya tsaya a gindin matsirga, inda ruwa ke faɗowa daga sama, ya duba ko ya ƙaru. Haka yake yi tun yana da baƙin gashi. Ba wanda ya sa shi.

Ku da kuka zo daga Legas da aka dawo da gwamnati Abuja, kun san shi a matsayin tsohon da ke kai ku shan iska ran Asabar. Ku hau, ku ɗauki hoto, ku ce tafkin nan ya yi kyau. To bari in gaya muku, ni ba na ɓoye magana: ƙauyenmu ne a ƙarƙashin ruwan nan. An kwashe mu a mota aka tare ruwa don garinku ya sha. Iyayenmu kuwa ba a kwashe su ba, suna kwance a kaburburansu a gindin wani dutse mai kama da turmi. Ƙarshen rani, idan ruwa ya ja, kan turmin yakan leƙo, kuma ba a hango shi sai daga ƙololuwar dutsen nan. Nan muke hawa da ƙwaryar ruwan matsirga, mu zuba a ƙasa, mu gaishe su. Da damina ta sauka, shi ke nan sai baɗi.

Bara yayata Alice ta ce sai ta hau, alhali ƙafafunta sun kumbura, ko bakin rijiya ba ta iya zuwa. 'Ya'yanta suka ƙi. Yamusa ya zo ya dube ta ya ce, "Ke tsohuwa, kina da nauyi?"

Ta ce, "Ban kai buhun doya ba, rago kawai."

Ya yi dariya ya durƙusa. Mu Gbagyi ba ma ɗora kaya a kai, kai abin girmamawa ne, a kafaɗa muke ɗauka. A kafaɗa ya ɗauke ta.

Ina bayansu da ƙwarya. Shi ma fa ba yaro ba ne, ina jin numfashinsa kamar zuga-zugin maƙeri. A bakin rafi ƙafarsa ta zame. Na ƙwalla ihu. Ga rami a hagu, ga ƙarar ruwa ta cika kunne. Ya dafe dutse da gwiwa, fata ta saɓule, jini na bin ƙwaurinsa, amma hannunsa bai saki Alice ba. Na ce, "Yamusa, mu koma, kada mu yi gawa biyu." Ya ce, "Rita, riƙe ƙwaryarki da kyau, kada ki zubar mana." Har sama ina ta addu'a, tsorona kada mu isa mu tarar ruwa bai ja ba. Muka isa. Ga kan turmi can, baƙi, ɗan ƙarami. Alice ta zuba ruwa, ta ce, "Mama, ni ce. Na tsufa, ko kin gane ni?"

Yamusa, kai ne tsanin marasa ƙafa. Kai ne ka hana ciyawa cinye mana hanyar gida.

To bana fa? Wani kamfani ya zo ya kewaye gindin dutsen da waya, ya kafa ƙofa, ya kawo nasa 'yan rakiya masu yunifom. Muka je da Yamusa, mai gadi, wani Leonard, ya tare mu. "Baba, ka yi haƙuri, oga ya ce ka tsufa. Kuma ba a hawa da mara lafiya, ba a shiga da ƙwarya."

Na ce, "Ogan naka uwarsa na cikin ruwan nan ne?"

Ya sunkuyar da kai. Ba laifinsa ba ne, aiko shi aka yi. Yamusa ya juya, muka koma gida. Har yau yana fita da addarsa, ya share hanya zuwa jikin waya, ya tsaya yana kallon sama, ya juyo.

Mun gode, Yamusa. Allah ya saka maka, ya ƙara wa gwiwar nan ƙarfi. Ku samarinmu, ku bi shi ku koyi turbar nan tun yana da rai.

Ku kuma masu ƙofa, da ku nake. Kun karɓi gona mun yi shiru, kun karɓi gida mun yi shiru. Kallo daga nesa kaɗai ya rage mana. Ruwa ya ja, masunta sun ce turmi ya fito. Alice ta wanke ƙwaryarta ta ajiye a bakin ƙofar ɗakinta, duk motsin da ta ji sai ta ce, "Yamusa ne?" Jiya kuwa hadari ya haɗu a gabas, kuma ita ba ta da tabbacin wani rani. Ku buɗe masa ƙofar nan.