Matar da Ta Kore Ni Ina Kwance

Aikin gwamnati ne ya kai ni Nepal. Lokacin ina ma'aikacin gona a Illela, kullum ni da duwatsu da manoman da ba su son jera su, muna tare ruwan sama kada ya wanke gonaki. A ƙarshen shekarun tamanin aka saka ni cikin masu zuwa kwas, mu ga yadda mutanen can suke yanka gefen dutse su mai da shi gona hawa-hawa. Wata biyu muka yi a aji ana fassara mana magana har kaina ya gaji. Da aka gama sai ga kwana goma sha biyu sun rage kafin jirginmu. Abokan tafiyata suka ce kasuwa za su yi ta yawo. Ni kuwa, da yake taurin kai bai taɓa barina ba, na ce manyan duwatsun nan masu farin kai zan je in gani, ni kaɗai.

Mai masaukinmu ya ce in ɗauki ɗan jagora. Na yi dariya. Ni ɗan Adar ne, cikin dutse aka yanke mini cibiya. Ina saurayi sammako nake yi daga ƙauyenmu Tajaye da kaya a ka, in ci kasuwar Illela in komo. Ya ce to, aƙalla in tafi a hankali, in kwana biyu a garin kasuwa da zan tarar a hanya kafin in ƙara hawa. Na ce na ji. A raina na ce wannan nasiha ce ta nasaru, Turawan nan masu tafiya da sanda biyu.

Ƙaramin jirgi ya sauke ni a wani ƙauye, daga nan sai ƙafa. Ƙasar Sherpa ke nan, mutane gajeru masu ƙarfin tsiya, suna rataya kaya da igiya a goshi suna hawa a hankali kamar ba su son zuwa. Na yi ta wuce su ina jin daɗi. Garin kasuwar nan kwana ɗaya na yi masa. Washegari na haɗa zangon kwana biyu na yi shi a yini guda, don dai in nuna wa kaina. Wa ya aike ni?

A rana ta biyar itatuwa suka ƙare. Sai dutse, sai iska, sai wasu shanu masu gashi har ƙasa da ƙararrawa a wuya. Tun safe kaina yake sarawa. In na yi taku goma sai in tsaya in buɗe baki ina neman numfashi, in ja, in ji bai cika ƙirjin ba. Gajiyar da na ji ranar ban taɓa jin irinta ba, ko ɗaga ido aiki ne. Ban san kashe ni abin yake shirin yi ba. Na ce zazzaɓi ne, tsohon abokina, ya biyo ni tun daga Konni.

Da azahar na kai wani ƙauye mai gida shida ko bakwai, duk na dutse. Wata mata ta karɓe ni, za ta yi sa'ar innata, fuskarta duk ta ƙone da sanyi, ta ɗaura wani ƙyalle mai ratsi-ratsi a gaba. Ita kaɗai ce a gidan, ga wuta ta kashin shanu tana ci a murhu. Ingilishina na bakin iyaka ne, nata bai ma kai nawa ba, don haka yawancin maganarmu da hannu muka yi ta.

Na san maganin zazzaɓi tun ina yaro. Na haɗiye nibakin biyu, na ja barguna uku na lulluɓa har ka, ina jiran gumi. In na yi barci na tashi, shi ke nan. Ta kawo mini romon tafarnuwa, na kurɓa sau biyu na amayar. Ta tsaya a kaina tana duba ni. Da la'asar ta gabato na miƙe zan yi alwala, sai na ji ɗakin ya karkace, na dafe bango. Na zauna zan sa takalmi, igiyar ta gagare ni ɗaurewa. Duk tana kallo.

Sai ta ɗauko gawayi ta ja layi a ƙasa daga murhu zuwa ƙofa, ta taka shi ƙafa gaban ƙafa, ta nuna mini in yi. Na ce yau ga wulakanci, babba da ni. Na taka dai. Taku na uku na tafi gefe na faɗa kan benci.

Ba ta jira ba. Ta yaye bargunan ta ninke, ta ɗauki jakata ta kai waje. Ta dawo ta nuna hanyar da na fito, ta ce da Ingilishi, “Ƙasa. Yanzu.”

Wallahi sai da na ji zuciyata ta fi kaina zafi. A wurinmu ko ɓarawo ne ya kwanta ciwo a ƙofarka ba ka korarsa sai ya miƙe. Mahaifina ya taɓa jinyar wani Buzu a zaurenmu kwana arba'in, ko sunansa ba mu sani ba. Ni ga ni baƙo, ba lafiya, rana ta juya, a ce in fita? Na ce mata gobe. Ta girgiza kai. Na nuna mata kaina, na nuna shimfiɗa, na haɗa hannu ina roƙo. Ta kama hannun rigata ta ja. A raina na ce lallai tsoro take kada in mutu mata a ɗaki, ko kuwa baƙar fatata ce ba ta so. Sai na koma Hausa, don da ita na iya faɗa. Na ce mata marar imani, marar tausayi. Na ce, “Allah ya isa tsakanina da ke!” Sau biyu na faɗa, da ƙarfi.

Ko gezau. Ta rufe ƙofarta, ta rataya jakata a goshi, ta kama gangara. Fasfona da tikitin jirgi suna ciki, dole na bi ta.

Ba na tuna tafiyar nan duka. Na tuna duwawun jakata yana rawa a gabana. Na tuna na zauna a kan dutse na ce na gama, nan zan kwana, ta dawo ta ɗaga ni kamar buhu. A wata gadar igiya da ke lilo ta riƙe ɗamarata ta baya har muka ƙetare, ni kuwa ina ta gunaguni ina ture hannunta. In na tsaya sai ta buga mini tsawa. Haka muka yi ta gangarawa, tsohuwa da kaya a gaba, ƙaton banza a baya.

Rana na shirin faɗuwa muka shiga wani ƙauye mai itatuwa. Ta ajiye jakar a wani gida, ta yi magana da maigidan da sauri, ta sha shayi a tsaye. Za ta koma, don ta baro wuta da shanu. Ta zo inda aka kwantar da ni ta haɗa tafin hannunta tana sallama. Na juya na ba ta baya.

Da safe na farka kaina garau, har yunwa nake ji. Maigidan, wanda ya daɗe yana yi wa matafiya dako kuma yana jin Ingilishi sosai, ya zauna kusa da ni. Ya ce ba zazzaɓi ba ne. Ciwon tsauni ne, yana kama wanda ya hau da gaggawa, ruwa ya taru masa a ka. Ba shi da magani sai sauka. Ya ce mutumin da ya kasa taka layi, in aka bar shi ya yi barci a can sama, sau da yawa ba ya tashi.

Na ce zan koma in same ta. Ya ce in na sake hawa a satin nan, sai dai a sauko da ni a kwando. Gaskiyarsa ne, ƙafafuna ma ba za su kai ni ba. Na bar masa saƙon godiya, ban san ko ya isar ba, kuma ban san yadda godiya take komawa in ta bi ta bakin wani ba.

Bayan na dawo gida na tambayi wani malami a Konni yadda ake janye Allah ya isa. Ya ce, “Ka tahi ka iske mutumin, ka roƙe shi gahwara.” Na ce hanyar da nisa. Ya ce to in yi ta yi mata addu'a. Ina yi, ba tare da suna ba, don ban tambaye ta sunanta ba. Yanzu na tsufa, ita kuwa da wuya tana raye. Ta ɗauko kayana tun daga saman dutse don in rayu, abu na ƙarshe da ta gani daga gare ni ƙeyata ce.